Ragon turke da gawon gona

Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, da wuya a sami gidan mai kiwo a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da ba a lissafin harawa. Wadda aka ɗora bisa rumfa tun da kaka ta kusa ƙarewa, ciyawar daji ta zama ƙura, buhun dusa kuwa kowace ranar kasuwa sai ya ƙara kuɗi. A wannan lokaci ne ake bambance magidancin da ya bar itatuwa a gonarsa da wanda ya share tasa tas. Na farko yana da rumbu na biyu a tsaye a fili. Na biyun sau da yawa shi ne ke jan tunkiya zuwa kasuwa a watan da ba ta da daraja, domin ya ciyar da sauran.

Babban mai ceto a nan shi ne gawo. Allah ya yi masa hali saɓanin sauran itatuwa: da damana yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar. Don haka ba ya tare wa hatsi rana lokacin da hatsin ke bukatarta, ganyen da ya zubar ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da wake da gyaɗa ke ƙara mata. Duk wanda ya taɓa ratsa gonakin Magarya, Matamai da Mirriya da damana ya ga yadda hatsin gindin gawo yake fin na nesa tsawo da duhun ganye. Ƴaƴansa kuma suna nuna su zuba a tsakiyar rani, daidai lokacin da bisashe suka fi yunwa. Yara su tsinto, a shanya, a adana a buhu, a riƙa dakawa ana gaurayawa da dusa. Mutanen dā sun san darajarsa, har ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo.

Sai dai an yi zamanin da gonaki da yawa suka zama fayau. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, neman itacen girki ya ƙarasa wasu, dokar daji ta lokacin kuma ta sa manomi yana ganin iccen gonarsa kamar na hukuma ne, wanda ba zai jawo masa komai ba sai tara. Wa zai wahala a kan abin da ba nasa ba? A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona suna fitowa ne daga kututture masu rai, waɗanda saiwarsu ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Daga nan aikin da aka sa wa suna sassaben zamani ya yaɗu. A yankin Damagaram kuwa manoma da yawa da kansu suka koma ga barin gawo, ba tare da wani ya zo ya koya masu ba. Binciken da aka yi a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa kusan miliyan 200 ta wannan hanya, adadin da dashen ranar 3 ga Agusta bai taɓa kusantarsa ba. Dokar daji ta 2004 da wata doka ta 2020 sun ƙarfafa haƙƙin manomi a kan iccen da ya raina.

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. In manomi ya iske kututturen sabara, kalgo, taramniya ko magarya ya fitar da tsiro goma, sai ya zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran. Waɗanda ya bari ya rage masu ƙananan rassa na ƙasa zuwa kusan rabin tsawonsu. Gatari ko adda su kasance da kaifi, sara kuma daga ƙasa zuwa sama, domin in aka saro daga sama reshe yakan yage ɓawo ya bar rauni, ta nan gara da ruɓa suke shiga. Wasu sukan ɗaura ƙyalle a jikin tsiron, alamar cewa yana da mai shi.

Manyan itatuwa su ma suna ciwo, kuma mafi yawan ciwonsu daga hannun mutum ne. Mai neman magani da ya sassaƙe ɓawon icce ya kewaye shi gaba ɗaya ya yanke masa hanyar abinci, ko bai mutu bana ba zai mutu baɗi. In dole ne a ɗiba, a ɗibi kaɗan ta gefe guda. Haka mai hawa gawo da rani ya sare masa kai kaf don tumaki su ci ganye: ya ƙosar da su kwana biyu, ya hana iccen yin ƴaƴa na shekaru. Sai kauci, wanda tsuntsaye ke kai irinsa daga reshe zuwa reshe. Fizge ganyensa ba ya kashe shi, tunda ya riga ya kafu cikin itacen, sai an yanke reshen ƙasa da wurin da ya kumbura. Saboda saran ɓarna ne mutanen Ɗan Saga, a gundumar Agye, suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, suka sa mata da makiyaya a ciki. Wannan dabara ce mai kyau, domin makiyayin da aka zauna da shi aka yanke magana ya fi wanda aka kama a gona saurin kiyayewa.

A cikin gida kuma, turke galibi na mata ne, kuma kuɗin ragon da aka sayar gab da sallar layya shi ke biyan bukatun da hatsi ba ya biya. Wata uku zuwa huɗu sun isa rago ya yi ƙiba in an fara daidai. Sabon da aka sayo a ware shi mako biyu ko uku kafin ya haɗu da na gida, a ba shi maganin tsutsar ciki, a duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya. A kai shi rigakafi, musamman na annobar tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina da zawo, wadda takan share garke cikin kwanaki. Allura ɗaya tana kare dabba shekaru. Dusa da hatsi a ƙara su sannu a hankali, domin ragon da bai saba ba in ya cika ciki da tsaba lokaci guda yakan kumbura, wani ma ba ya kwana. Gyauron dawa ɗanye, musamman wanda fari ya taɓa, yana da dafi. Leda kuwa ta kashe tumakin birni da yawa, sai an feɗe ake ganin ta dunƙule a tumbi. Ruwa mai tsabta, ɗan gishiri ko kanwa, da inuwa, kada a rasa su a turke.

Takin da aka share daga turken a tara shi a rami, a kai gona kafin shuka. A cikinsa akwai ƙwayoyin gawon da ragon ya ci, waɗanda cikinsa ya tausasa masu ɓawo, shi ya sa suke saurin tsirowa da ruwan farko. Mai noma ya sa ido kada hauya ta ɗauke su, ya bar waɗanda suka fito da tazara mai kyau, bayan girbi kuma ya kewaye su da ƙaya kafin a saki bisashe a gonaki. Shekara biyu ko uku na farko ne masu haɗari, har kan tsiron ya wuce bakin akuya.