Laxton: ƙauyen Ingila da har yau ake noma irin na kaka da kakanni

A yankin Nottinghamshire da ke tsakiyar Ingila akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Laxton. Shi kaɗai ne ya rage a ƙasar da ke bin tsohon tsarin noma na buɗaɗɗun filaye, tare da kotun gargajiya mai kula da shi.

Sunan ƙauyen ya fito a kundin ƙidayar filaye na Domesday, wanda Sarki William na Ɗaya ya sa aka rubuta a 1086. Har yanzu ana ganin tudun da Normawa suka gina ganuwarsu a kai. A 1635 wani mai auna ƙasa, Mark Pierce, ya zana taswirar gonakin, wadda ke ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford.

Ƙauyen na da manyan filaye uku da ba su da shinge. An yanka kowane fili zuwa dogayen gonaki sirara, kuma gonakin kowane manomi a warwatse suke, domin kowa ya samu rabonsa na ƙasa mai kyau da maras kyau. Fili ɗaya ana shuka masa alkama kafin sanyi, na biyu hatsi kamar sha'ir bayan sanyi, na uku a bar shi saura ya huta. Kowace shekara sai a juya.

Da haka aka yi noma a ƙauyuka da dama na Ingila, kafin dokokin killace filaye, musamman tsakanin 1750 da 1850, su haɗe gonakin a hannun masu ƙarfi. Talakawa da yawa sun rasa wurin kiwo, suka nufi birane neman aiki. A Laxton ba a kammala killacewar ba.

Wajen ƙarshen kowace shekara, manoman da aka rantsar kan zagaya fili, su kafa turaku a kan iyakoki. Wanda ya ci iyaka, kotu ta ci shi tara. Dokar 1977 da ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan kotuna ta bar wa ta Laxton nata.

Gwamnati ta sayi filayen a 1952 don kare tsarin, a 1981 suka koma hannun hukumar kadarorin masarauta, sannan a 2020 gidan Thoresby ya saye su. Matsalar yanzu ita ce sirarar gonakin ba su dace da manyan injunan noma ba, ribar kuma kaɗan ce. Ɗorewar tsarin ta dogara ne ga samun matasan da za su karɓi gonakin da sharuɗɗansu.