Shin Wayarka na Sauraron Hirarka?

Zancen ya karaɗe majalisu da zaurukan WhatsApp: wai kana ambaton firji ko shadda a hira, kana buɗe Facebook sai ga tallarsu, don haka waya na kasa kunne tana kai wa kamfanoni rahoto. Masu wannan zargi sun yi gaskiya cewa ana bibiyarsu. A kan hanyar da ake bi ne suka yi kuskure.

A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern ta Amurka sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su kama ko ɗaya tana naɗar murya a ɓoye tana aikawa ba. Abin da suka gano shi ne wasu na ɗaukar hoton fuskar waya su tura wa wasu kamfanoni. A shekarar ne kuma Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya musanta zargin a gaban Majalisar Dattawan Amurka. Amma zargin bai rasa tushe ba. A 2025 Apple ya amince ya biya dala miliyan 95 don sasanta ƙarar da aka kai shi cewa Siri, manhajarsa mai amsa umarnin murya, kan farka bisa kuskure ta naɗi hirar mutane, ko da yake bai amsa laifi ba.

Gaskiyar ita ce mai talla ba ya bukatar kunne, sawunka ya ishe shi. Kukis, wanda Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1994, ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a na'urarka don ya gane ka idan ka dawo. Masu cewa ƙwayar cutar kwamfuta ce sun yi kuskure, domin da shi ne shafi ke tuna ka riga ka shiga, ba sai ka sake rubuta kalmar sirri ba. Matsalar na ga kukis ɗin da wani kamfani na daban ke dasawa a dubban shafuka. Ka duba farashin firji a shagon intanet, ka wuce shafin labarai, kamfanin ya gane mutum ɗaya ne, kamar dillalin da ke da yara a kowace rumfar kasuwa. A cikin manhajoji kuwa, lambar talla ce ke wannan aiki, wadda Google da Apple ke bai wa kowace waya. A haɗa da wurin da kake, da waɗanda kake mu'amala da su, da abin da ka nema jiya ka manta. Sannan tallar da ta zo daidai da hira ita ke tsaya maka a rai, ɗaruruwan da ba su dace ba kuwa ba ka ko lura da su.

Wasu kan ce goge kukis ya kashe magana. Yana ragewa, amma in ka shiga asusunka na Google ko Facebook, da sunanka aka san ka. Akwai ma dabarar gane na'ura ta hanyar haɗa samfurinta da girman fuskarta da harshen da aka saita. Haka yanayin binciken sirri na Incognito: abubuwa irin su tarihin bincikenka ne ba ya ajiyewa a waya, shafukan da ka ziyarta suna ganinka. A 2024 Google ya yarda ya goge biliyoyin bayanai don sasanta ƙara a kan wannan. Batun cewa da lambar IMEI ake binka kuwa ya tsufa, tun Android 10 aka hana manhajoji na gama-gari karanta ta.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya toshe makirufo ya saki jiki, alhali ƙofar da ake shiga a buɗe take. Lambar talla ana iya goge ta a saitunan Android, ƙarƙashin sashen tallace-tallace. A iPhone, tun 2021 sai manhaja ta nemi izininka kafin ta bi ka, kuma ƙin yardar jama'a ya sa Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya ce zai yi asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. A Najeriya ma akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan ƙasa.