"Jana": Yadda 'Yan Koriya Ke Tuna Maka Abin da Ka Riga Ka Sani

Duk mai sauraron waƙoƙin Koriya ta Kudu ko kallon finafinanta masu dogon zango zai ji wani sauti yana yawan rufe magana, wato "jana". A harshen Koriya aikatau ne ke zuwa a ƙarshen jimla, kuma a wutsiyarsa ake maƙala gaɓoɓin da ke nuna niyyar mai magana da matsayinsa a gaban wanda yake yi wa magana. A ganina, wanda "jana" ta wuce shi zai iya fahimtar labarin, amma dangantakar masu maganar ta kuɓuce masa.

Asalinta "ji ana" ne, tambaya ce ta korewa mai ma'anar "ba haka ba ne?" Yawan furtawa ya dunƙule ta, har ƙa'idojin rubutun Koriya ta Kudu na shekarar 1988 suka tanadi a rubuta ta a dunƙule a sashe na 39. Idan uwa ta ce wa ɗanta "bi wa", labari ta ba shi cewa ana ruwa. Idan kuwa ta gan shi zai fita ba lema ta ce "bi ojana", to cewa ta yi "ai ana ruwa", kai ma kana gani. Haka "malhetjana" take nufin "ai na faɗa maka". Akwai takwararta "godun", wadda ake kawo dalilin da mai sauraro bai sani ba da ita. Ita "jana" kuwa ikirari take cewa sanin na mutum biyu ne. Wannan ne ya sa mawaƙan soyayya suka riƙe ta gam, domin mai roƙon masoyi ko mai kukan rabuwa tsohon alkawari yake tonowa, ba sabon labari ba. Ga shi kuma ta ƙare da wasalin "a", mai daɗin ja a waƙa.

Wani zai ce tunda daga tambaya ta fito, ai tambaya ce kawai. Amfani ya nuna akasin haka, don mai faɗarta galibi ba amsa yake jira ba, so yake a yarda. Har ma akan buɗe hira da "itjana", kamar yadda muke cewa "ka san me?" kafin mu shiga zance. Wani kuma zai ce Bahaushe na da "ai", saboda haka ba sai an wahala ba. Gaskiya ne "ai" ta fi kusa da ita fiye da fassarar Turancin da ke ƙasan allo, wadda sau da yawa takan yar da ita. Sai dai "jana" na ɗauke da mizanin girmamawa a jikinta. Ita kaɗai ta "banmal" ce, maganar abokai da na ƙasa da kai. Ga baƙo ko babba sai an ƙara "yo" ta zama "janayo", kuma ko da hakan, ma'aikacin da ya yawaita ta a gaban maigidansa zai iya zama kamar mai cewa "ashe ka manta?" Saboda haka mai koyo daga waƙa ya yi hattara, don mawaƙi da masoyinsa yake magana, ba da surukinsa ba.