Shingen da ba a gani: ya tsare kare, wa zai tsare garka?

Wani ma'aikacin gomnati da aka yi wa canjin aiki daga Yamai zuwa Diffa, wanda kuma ya yi sa'ar samun ƴar garka a bakin Komadugu wajen Gagamari, shi ne ya fara nuna mana tallar abin a wayarsa ta hannu. A cikin hoton ga wani kare yana sheƙa gudu bisa ciyawa kore shar, sai ya iso wani wuri inda babu katanga, babu danga, babu ko kara guda a tsaye, ya ja birki ya juya da baya kamar wanda aka kwaɗa wa kira. Mutumin ya ce shi kam ya ga maganin damuwarsa guda biyu: karensa na gida da ke fita yawo yana janyo masa faɗa da maƙwabta, da kuma tattasansa da awakin gari suka mayar abin kalaci. Tambayarsa ita ce, wane iri zai sa ɗan'uwansa ya aiko masa daga Turai.

Tambayar ba ta banza ba ce, musamman yanzu da ƴan kasuwarmu ke iya yo odar duk abin da suka gani daga Dubai ko Sin. Amma kafin a kai ga zancen wane iri, ya kamata a san abin da kansa.

Wani Ba'amurke ne mai suna Richard Peck, a jihar Pensilbaniya, ya ƙirƙiro dabarar a 1973, daga baya aka riƙa saida ta da sunan Invisible Fence. Duk da ana ce da ita shingen lantarki, wayar da ake binnewa ba ta jan kowa. Yaro ya taka ta, akuya ta kwanta a kanta, babu abin da zai same su. Ana haƙa ƴar kwalbati mai zurfin santimita 3 zuwa 8 a kewaye filin, a shimfiɗa siririyar waya, a mayar da ƙasa. Tilas bakin wayar biyu su komo su haɗu a wani ɗan akwati da ke jone da wutar gida, shi ne ke tura sigina irin na rediyo cikin wayar. Asirin abin duka yana wuyan kare: wani abin wuya mai batir, da ƴan ƙarafa biyu masu taɓa fata. In karen ya matso kusa da inda wayar take, abin wuyan ya yi ƙara don gargaɗi; in ya ƙi ji ya ci gaba, ya ɗana masa wuta. Ba daga ranar farko kare ke ganewa ba. Masu saida kayan da kansu suna cewa sai an kakkafa ƴan tutoci a kan layin, an yi kamar mako biyu ana zagayawa da shi da igiya safe da yamma, kuma ba a sa wa kwikwiyon da bai kai kamar wata shida ba.

Wanda ya dage sai ya saya, to ga abin da zai duba. Kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka da wutar bolt 110 suke aiki, alhali wutar NIGELEC 220 ce. In ba a kula ba, ranar da aka jona ranar za a ji ƙauri. Ya nemi akwatin da ke da batir na ko-ta-kwana, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta shingen ya mutu ke nan, kuma mutumin Diffa ba ya bukatar a yi masa bayanin ɗaukewar wuta a watan zafi. Ya tambaya ko batirin abin wuyan irin wanda ake cajawa ne, don wasu kamfanoni nasu batiri na musamman suke yi, wanda ba za a same shi a kasuwar Diffa ba balle a Gagamari. Ya zaɓi waya mai kauri, ya kuma san cewa in ta tsinke a wuri guda, ko da hauya ce ta sare ta ko ɓera ya gutsire, layin gaba ɗaya ya tashi daga aiki, sai an bi taku-taku an nemo wurin. Tsawa ma kan bi wayar ta ƙone akwatin. Akwai irin da ba a binne waya, wanda ke yin da'ira kewaye da akwatin, da kuma na zamani mai aiki da tauraron ɗan'adam. Har wani kamfanin ƙasar Norway, Nofence, ya yi wa awaki da shanu irinsa. Ba ko'ina aka yarda da dabarar ba: yankin Wales na Birtaniya ya hana sa wa kare da kyanwa abin wuya mai jan wuta tun 2010, bisa hujjar cewa azabtar da dabba ne.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban aibin abin a wurinmu shi ne, wanda ya rataya abin wuyan kaɗai yake tsarewa. An ƙera shi ne don unguwannin Amurka inda kowa ke tsare da nasa kare, kuma dokar unguwa ta hana gina katanga a gaban gida. A nan kuwa yawancin masifa daga waje take shigowa. Akuyar maƙwabci ba ta da abin wuya. Ɓarawo ba shi da shi. Karen da ya fito daga juji yana dalalar da miyau ba shi da shi, zai shigo har tsakar gida ya ciji naka, naka kuwa ba shi da hanyar gudu. Ko shi karen naka, in ya hango kyanwa ko karya zuciyarsa ta ɗebe shi, yakan runtse ido ya keta layin a guje. In hankalinsa ya komo ya nufo gida, wutar nan ce za ta tare shi a waje.

Zancen haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma kaso mai yawa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, to sai dai addu'a. Amma tun 1885 da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Paris ya tsira, an san maganin abin kafin ya kama. Wanda kare ya ciza, a wanke ciwon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi gidan likita a ranar, kar a jira a ga yadda karen zai yi. Mai kare kuwa, kuɗin allurar rigakafi a ma'aikatar kiwo bai kai ko kusa da kuɗin abin wuya ɗaya ba, kuma ita ce za ta fisshe shi ranar da karensa ya ciji ɗan wani.

Mu koma garka, inda dukiyar take. Duk wanda ya san Mangari ya san abin da tattasai yake nufi. Ba a banza ake ce masa jan zinariya ba. Kafin rikicin Boko Haram, kwarin Komadugu yana fitar da kimanin tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara, akasarinsa Nijeriya ake kaiwa. Sai ga watan Nuwamba na 2014, aka ci Damasak, dubban mutane suka tsallako kogi suka sauka a Gagamari, da yawansu da ƴan dabbobinsu. A Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana cinikin tattasai, sai a 2017 aka ɗage hanin. A cikin shekarun nan makiyayan da suka saba gangarawa tafkin Chadi da rani suka rasa hanya, mutane da bisashe suka cunkushe a siririn tsirin da ke tsakanin kwalta da kogi. To, tattasai kuwa yana tsaye kore daidai lokacin da daji ya bushe ƙarau. Akuyar da ta kwana da yunwa ta hango wannan, ai ba sai an yi mata jagora ba.

A nan ne doka ta shigo, kuma ma'aikata da ƴan kasuwa masu sayen garake ba su cika karanta ta ba. Dokar tsarin karkara mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 ita ce ta kafa kwamitocin kula da filaye, sannan dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara fayyace haƙƙin makiyayi. Abu biyu ne suka shafi mai garka. Na farko, burtali da hanyar mashaya na jama'a ne. Wanda ya kafa shinge ya toshe hanyar da dabba ke bi ta sha ruwa a Komadugu, shi ne mai laifi, ko nawa ya kashe. Na biyu, bayan an saki gonaki a ƙarshen kaka, tsaron shukar rani yana wuyan mai ita ne, in ban da filayen noman rani da hukuma ta amince da su. Wato in aka yi maka ɓarna ka kai ƙara gaban bulama ko mai kanto, abin da za a fara tambaya shi ne ina shingenka. Ka ce yana ƙarƙashin ƙasa, ka ji dariyar da za a yi a fada.

Shingen da talaka ya sani shi ne na ƙaya: a saro rassan magarya, aduwa ko bagaruwa a jibge. Yana tsare akuya sosai a shekarar farko, amma gara da iska da masu neman itacen girki suna cinye shi, kowace shekara sai an sake, kuma sara ba da izini ba yana haɗa mutum da ma'aikatan gandun daji. Da yawa sun koma ga prosopis, baƙon icen nan mai ƙaya da aka kawo don tsaida rairayi, wanda ya mamaye gaɓar tafki wajen Gigimi. Saran rassansa ba wanda zai yi kuka, amma a kiyayi shuka shi a bakin garka: dabbobi na cin ƴaƴansa su watsa irin cikin kashinsu, saiwarsa kuma ta shanye ruwan da ka sayi mai ka jawo da injin.

Mai ɗan hali yakan sayi wayar raga. Lissafinta ba wuya: hekta ɗaya mai kusurwa huɗu daidai, kewayenta mita 400 ne, wato nadi 16 in kowane nadi mita 25 ne, da turaku kamar 160 in ana kafa su kowace mita biyu da rabi. Turken ƙarfe ya fi na ice saboda gara, sai dai yana da farin jini wurin ɓarayi. A binne gindin ragar kamar taƙi guda cikin ƙasa, in ba haka ba ƴan awaki da karnuka ta ƙasa za su kutsa. Wanda garkarsa ke gangare kuma ya tuna ambaliyar 2019 da ta 2022; ruwan Komadugu daga Hadeja da Jama'are yake tahowa, yakan cika ne bayan damina ta wuce, lokacin da mutum ya saki jiki.

A ganinmu, abin da ya fi dacewa da mai niyyar zama shi ne ya haɗa raga da shinge mai rai. Aguwa da dashi ba sa bukatar iri: reshe ake yankewa a kafa kusa da kusa gab da faɗuwar damina, su kama da kansu, kuma bisashe ba su damu da aguwa ba saboda ƙaiƙayin nononta. A sa magarya ko lalle a layi na biyu daga ciki. Raga ta tsare su shekara biyu zuwa uku har su yi kauri, sannan a naɗe ta a kai wani gefen. Magarya ta ba da ƴaƴa, lalle kuwa mata su saya.

Akwai kuma shingen lantarki na gaskiya, wanda ake ja a sama, irin wanda manoman ƙasar New Zealand suka soma amfani da shi tun shekarun 1930. Wannan kam yana tsare na ciki da na waje. Wani akwati ne mai aiki da batir da faifan hasken rana, yana harba wuta mai dubban bolt kamar sau ɗaya a daƙiƙa, amma ɗan ƙyaftawa ne, tana firgitarwa ba ta kisa. Matsalarsa a ƙasarmu busasshen rairayi ne, wanda ba ya mayar da wuta. Sai an jera wayoyi, ɗaya mai wuta ɗaya ta ƙasa, yadda dabba za ta taɓa biyun a tare. Sai an sanar da maigari da makiyaya, an rataya alama. Muna kuma jan kunne da babbar murya: kada wani ya kuskura ya jona wayar shinge kai tsaye da wutar gida ko ta janareto. Wannan tarkon kisa ne, kuma yaron da ya zo tsinkar magarya shi zai fara kamawa.

Shi kuwa kare, yana da gurbinsa a bayan shinge. Malamanmu sun halatta ajiye shi don tsaron gona da dabbobi da farauta, sun yi saɓani a kan na tsaron gida. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 996, cewa katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so haka ba, ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ɗaure. Abin lura, faɗuwar katanga ce ta sa shehin ya nemi kare.

Abokinmu ma'aikaci dai bai aika wa ɗan'uwansa saƙon ba. Ya sa magini ya ƙara bulo uku a katangar gidansa ta Diffa, ya gyara ƙyauren da karen ke bi ta ƙarƙashinsa, ya kai shi aka yi masa allura. Garka kuwa, ya je wurin kwamitin filaye na Shetimari don a nuna masa inda hanyar mashaya ta bi kafin ya kafa turke ko ɗaya, kuma ya yi magana da wani tsoho da zai yanko masa aguwa a watan Mayu.