Tiyatar Daji: Tsakanin Filinge da Yamai

Yau muna Baleyara, garin da aka sani da kasuwar Lahadi, inda raƙuma da shanu ke cika fili. Amma ba ciniki ya kawo mu ba. Kwaltar da ta ratsa garin ce, wadda motar marasa lafiya ke bi daga Filinge, ƙasar Kurfai, zuwa Yamai. Daga nan saura kusan kilomita 100.

Ga lafiyayye, tafiya ce ta ɗan lokaci. Ga sojan da harsashi ya tsinka wa jijiyar cinya, mintoci kaɗan sun isa jininsa ya ƙare.

Jihar Tilaberi, inda muke yanzu, ta ga wannan da idonta. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, an rasa sojoji 71 a wani hari. A Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, sojoji 89. Allah ya jiƙansu. A irin wannan rana, ran wanda ya ji rauni yana hannun Allah, sannan hannun likitan soja da ke kusa.

To, me likitan yake yi? Ba warkarwa ya zo yi ba. Lokaci yake saya. Da farko a ɗaure ƙafa ko hannu tamau da garo, jini ya tsaya. In iska ta taru a ƙirji ta danne huhu, a huda ta fita. In kuwa cikin ne ya fashe, likitan tiyata ya buɗe, ya ɗaure jijiyar da ke zuba, ya toshe hanjin da ya huje, ya cusa bandeji, ya rufe na wucin gadi. Gyaran gaske sai babban asibiti.

Ga abin mamaki: a ƙasar rana irin tamu, sanyi ma abokin gaba ne. Jikin da ya zubar da jini yakan yi sanyi, jini mai sanyi kuma ba ya saurin daskarewa. Waɗancan hare-hare biyu a tsakiyar ɗari aka kai su. Shi ya sa bargo ke cikin kayan aiki, kamar almakashi.

Kafin mota ta tashi, akan rubuta lokacin da aka ɗaura garo, wani lokaci a goshin mai raunin. Likitan Yamai zai duba, ya lissafa awowi, ya san ko ƙafar za ta tsira.