Yadda biranen Amurka ke sa masu sabon gini biyan kuɗin faɗaɗa tituna

Duk sabuwar unguwa tana zuwa da motocinta, kuma titin da ya ishi jama'a jiya sai ya cushe gobe. Tambayar ita ce: wa zai biya kuɗin faɗaɗa shi, tsofaffin mazauna ko masu sabon gini?

Birane da dama a Amurka sun ɗora nauyin a kan masu ginin. Suna karɓar wani kuɗi sau ɗaya, galibi lokacin bayar da izinin gini.

Yadda ake lissafin

Da farko injiniyoyi kan yi hasashen gidaje da shagunan da za su ƙaru. A jihar Texas, dokar da aka yi a 1987 ta ce hasashen kada ya wuce shekara 10.

Sai a ƙiyasta zirga-zirgar da kowane gini zai jawo. Littafin da ƙungiyar injiniyoyin sufuri ta ITE ke wallafawa ya nuna cewa gidan iyali ɗaya kan jawo shiga da fitar mota kusan sau tara a rana, kuma kusan ɗaya daga ciki na faɗowa ne a sa'ar cunkoson yamma. Da wannan sa'ar aka fi yin lissafi, domin a lokacin ne titi ke cika.

Misali, a ce birni zai kashe dala miliyan 60 a kan titunan da sabbin gine-gine ke buƙata, kuma ana sa ran ƙarin tafiyar mil 30,000 a sa'ar cunkoso. Kowane mil ya kama dala 2,000 ke nan. Gidan da motarsa ke yin mil uku zai biya dala 6,000.

Dokar Texas ta kuma tilasta yin ragi, tun da sabbin mazauna su ma za su riƙa biyan haraji. Birni na iya lissafa ragin dalla-dalla ko ya yafe rabin kuɗin. Ba a yarda a kashe kuɗin wajen gyaran tsofaffin tituna ba, kuma abin da ba a kashe ba cikin shekara 10 sai a mayar wa mai shi.

Inda ake taƙaddama

Masu gini na kukan cewa kuɗin na komawa kan mai sayen gida. Hukumomi kuwa na cewa in ba haka ba, harajin kowa ne zai ƙaru.

A 2016, ƙaramar hukumar El Dorado da ke California ta caji George Sheetz dala 23,420 kafin ta ba shi izinin kafa gida a filinsa. Ya biya, amma ya garzaya kotu.

A watan Afrilun 2024, duka alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara suka yanke cewa ko da majalisa ce ta ƙayyade kuɗin, bai kuɓuta daga ma'aunin da kotun ta kafa a 1987 da 1994 ba. Ma'aunin ya ce dole abin da ake nema ya kasance yana da alaƙa da matsalar da ginin zai jawo, kuma ya yi daidai da girmanta.

Kotun ba ta soke kuɗin ba, ta mayar da shari'ar kotunan California ne. Sai dai yanzu duk birnin da ke karɓarsa ya san ana iya kai lissafinsa gaban alƙali.