Ko ka sani? Daƙiƙa goma kafin a kashe kwantena

Ko ka san cewa Docker, manhajar nan da ta fito a 2013, tana da hanya biyu ta tsayar da kwantena, amma ɗaya ce kaɗai take yin sallama? Kwantena a nan ƙunshi ne da ake zuba manhaja da duk kayan aikinta a ciki, ta yi ta gudana a keɓe cikin kwamfuta.

Idan ka rubuta docker stop a layin umarni, sai a aika wa manhajar da ke cikin kwantenar sigina mai suna SIGTERM, mai lamba 15, wato ta tattara kayanta za a rufe. Ana ba ta daƙiƙa 10 ta ƙarasa rubutun da ta fara, ta rufe fayiloli, ta sallami masu hulɗa da ita. In wa'adin ya cika tana nan, sai SIGKILL, mai lamba 9, ya biyo baya. Shi kuwa docker kill kai tsaye yake sakin lamba 9.

Babu manhajar da ke iya tare wannan sigina ko ta yi kunnen uwar shegu da shi, domin ba ita ake shawarta ba. Ƙashin bayan Linux, tsarin da kwantenar ke gudana a kansa, wanda ake kira kanel, shi ke zare ta nan take. Duk abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwa ba ta kai faifai ba ya tafi. Shi ya sa gabana ke faɗuwa in na ga an yi wa rumbun bayanai haka don gaggawa kawai.

Gaggawar ma tana da dalili. Mutum ya ga docker stop kullum sai ya cinye daƙiƙa goman, sai ya gaji ya koma kisa. Alhali sau da yawa matsalar ita ce manhajar farko a cikin kwantena lambar shaida ta 1 take ɗauka, kuma Linux ba ya kashe mai wannan lamba da SIGTERM sai in an koya mata abin yi idan ya iso. Gyaran nan ya kamata a yi, a ajiye docker kill don kwantenar da ta sandare.

Kisan yana barin sawu. Duba lambar fita da kwantenar ke bari in ta tsaya: 143 na nufin SIGTERM ne ya tsayar da ita, wato 128 a tara da 15. In ka ga 137, lamba 9 ce ta faɗa mata, ko daga hannunka, ko daga kanel saboda ta wuce gejin ƙwaƙwalwar da aka yanka mata.